Hawan Jini: Abin Da Ya Kamata Ɗaliban Jinya Da Likitanci Su Sani

Da wuya ɗalibin jinya ko na likitanci ya shiga wani sashe na asibiti bai tarar da hawan jini ya riga shi zuwa ba. Zai same shi a ɗakin awon ciki, wajen mai juna biyu da ta zo da ciwon kai da kumburin fuska. Zai same shi a ɗakin gaggawa, wajen dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye da asuba, haka nan a sashen wankin ƙoda, wajen magidancin da bai cika shekara hamsin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa manya kimanin biliyan 1.3 ne ke ɗauke da cutar, kusan rabinsu ba su san suna da ita ba, kuma mutum ɗaya ne kacal cikin biyar matsin jininsa ya daidaita.

Babban dalilin wannan giɓi shi ne yawanci cutar ba ta da alama. Mutum na iya shekara goma da ita yana noma, yana kasuwa, bai taɓa jin ko jiri ba. Awo ne kaɗai ke fallasa ta, saboda haka ingancin awon da ma'aikacin lafiya ya yi, da abin da ya aikata bayan ya ga lambar, su ne ginshiƙin kula da mai hawan jini.

Yadda matsin jini ke samuwa

Matsin jini shi ne ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyin da ke ɗauke shi daga zuciya zuwa sassan jiki. Ana rubuta shi da lamba biyu, misali 120/80, a ma'aunin milimita na makuri, wanda ake taƙaitawa da mmHg. Lambar sama, wato sistolik, ita ce matsin lokacin da zuciya ta matse ta tura jini. Lambar ƙasa, wato dayastolik, ita ce matsin da ya rage a jijiya lokacin da zuciyar ta saki tana cika.

Abu biyu ne ke haɗuwa su ba da wannan matsi: yawan jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya, wanda ya kai kimanin lita biyar ga babban mutum da ke hutawa, da kuma turjiyar da ƙananan jijiyoyi ke yi wa jinin. Duk wanda ya taɓa ban ruwan lambu ya san cewa ruwa na ƙara ƙarfi idan aka ƙara buɗe famfo, ko aka matse bakin tiyo da ɗan yatsa. Matsewar ta fi tasiri ƙwarai, domin idan faɗin jijiya ya ragu da rabi, turjiyarta na ninkuwa har sau 16.

Jiki na daidaita matsin ta hanya mai sauri da hanya mai jinkiri. Mai saurin tana hannun wasu ƙwayoyin ji da ke bangon manyan jijiyoyin wuya da kan lanƙwasar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wato ayota. Da zarar matsi ya faɗi, sai su aika saƙo ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke. Shi ya sa lafiyayye ba ya faɗuwa idan ya miƙe tsaye farat ɗaya.

Mai jinkirin tana hannun ƙoda. Idan jinin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta saki sinadarin renin, wanda ke yanka wani furotin da hanta ke yi ya mai da shi anjiyotensin na ɗaya. Wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, shi ke mai da wannan ya zama anjiyotensin na biyu. Na biyun yana tsuke jijiyoyi, yana kuma sa ƙullin da ke saman ƙoda ya fitar da aldostiron, wanda ke hana gishiri da ruwa fita ta fitsari. Ɗalibin da ya riƙe wannan sarƙa zai gane yadda akasarin magungunan hawan jini ke aiki ba tare da hadda ba, domin kowane rukuni wani mataki yake tarewa.

Yaushe ake cewa jini ya hau?

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana tabbatar da hawan jini ne idan lambar sama ta kai 140 ko ta wuce, ko lambar ƙasa ta kai 90 ko ta wuce, a awon da aka yi a ranaku biyu mabambanta. Lamba ɗaya ta isa, ba sai duka biyun sun hau ba. A wajen tsofaffi an fi ganin hawan lambar sama kaɗai, saboda jijiyoyi na yin tauri da shekaru.

Tsarin da ƙungiyar masana hawan jini ta Turai ke bi ya kasa cutar mataki uku. Na farko daga 140/90 zuwa 159/99, na biyu daga 160/100 zuwa 179/109, na uku kuma daga 180/110 zuwa sama. Daga 130/85 zuwa 139/89 ana kallonsa a matsayin bakin iyaka. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130/80, don haka ɗalibi zai ga littattafai sun saɓa. Ya kamata ya san tsarin da asibitinsa ke bi, ya kuma tuna cewa haɗari ba ya farawa daga wata lamba guda. Yana ƙaruwa ne a hankali yayin da matsi ke hawa.

Awo: inda aka fi yin kuskure

Wani malamin coci a Ingila, Stephen Hales, shi ya fara auna matsin jini, inda ya zura bututu a jijiyar doki, ya kuma wallafa sakamakon a 1733. Likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ya fito da ɗamarar damtse da ake hura wa iska a 1896, sai likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya bayyana a 1905 sautukan da ake saurare a jijiya yayin sassauta ɗamarar. Har yau da wannan hanya ake aiki, kuma sauƙinta ne ke sa a raina ƙa'idojinta.

Kafin awo, majinyaci ya zauna shiru na minti biyar a kujera mai majingina, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ba a harɗe ba. Kada ya kasance ya sha taba, kofi ko shayi mai ƙarfi, ko ya ci goro, ko ya yi aikin ƙarfi cikin minti 30 da suka wuce. Idan fitsari ya matse shi, ya fara zagayawa. A ɗora hannunsa kan tebur yadda tsakiyar damtse zai yi daidai da zuciya, a naɗa ɗamarar a kan fata, ba a kan hannun riga ba. Kada a yi masa tambaya yayin awo, domin magana na ɗaga lambar.

Girman ɗamara na da muhimmanci. Jakar iskar da ke cikinta ya kamata ta zagaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na damtsen. Ƙaramar ɗamara a hannun mai ƙiba tana ba da lambar da ta fi ta gaskiya, har a ɗora wa lafiyayye magani. Babba a siririn hannu kuma tana rage lambar.

Idan da na'urar hannu ake awo, a fara taɓa bugun jijiyar wuyan hannu, a hura iska har bugun ya ɓace, sannan a ƙara 20 zuwa 30 a kai. Wannan yana kare mai awo daga wani tarko: a wasu majinyata, musamman tsofaffi, sautin kan ɗauke na ɗan lokaci a tsakiya ya dawo, wanda bai taɓa jijiya ba sai ya ɗauki dawowar a matsayin lambar sama. Daga nan a ɗora abin sauraro a lanƙwasar gwiwar hannu, a riƙa sakin iska milimita biyu zuwa uku a daƙiƙa. Sautin farko shi ne sistolik, inda sautin ya ɓace gaba ɗaya shi ne dayastolik. A rubuta abin da aka gani daidai. Ɗabi'ar mai da 146 ta zama 140 ko 150 tana canja hukunci.

A ziyarar farko a auna hannu biyu, a ci gaba da amfani da wanda ya fi lamba. A yi awo aƙalla sau biyu, da tazarar minti ɗaya zuwa biyu. Tsoho da mai ciwon suga a ƙara auna su a tsaye, don gano waɗanda matsinsu ke faɗuwa idan sun miƙe. Idan bugun zuciya ba ya tafiya daidai, na'urar lantarki na iya kuskure, gara a koma ta hannu.

Akwai wanda jininsa ke hawa a gaban ma'aikacin lafiya kaɗai saboda fargaba, akwai kuma wanda nasa ke yin daidai a asibiti amma yana sama a gida, kuma wannan na biyun ya fi haɗari tunda ba a gane shi. Awon gida na kwanaki a jere yana warware shakka, iyakarsa kuwa 135/85 ce.

Musabbabi

Kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na masu cutar ba a iya nuna dalili guda a kansu. Gado, yawan shekaru, ƙiba, rashin motsa jiki, yawan gishiri da shan giya ne ke haɗuwa a kansu. Bincike ya nuna cewa a tsakanin baƙar fata cutar kan fara da wuri, ta fi tsanani, kuma matsin jinin da yawa daga cikinsu ya fi saurin hawa da gishiri.

Sauran suna da wata cuta a ƙarƙashi: ciwon ƙoda, tsukewar jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, yawan aldostiron, ƙari a ƙullin saman ƙoda, matsalar ƙullin wuya na tayirod, ko ɗaukewar numfashi cikin barci ga mai yawan minshari. A yi zargin irin wannan idan majinyacin bai kai shekara 30 ba, ko jinin ya hau farat ɗaya, ko ya ƙi sauka da magani uku, ko gwaji ya nuna ƙarancin fotasiyam ba tare da dalili ba.

Tambaya kan abin da majinyaci ke sha da kansa tana da amfani ƙwarai a nan ƙasar, inda ake sayen magani a kemis ba takardar likita. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da dexamethasone da wasu ke sha don ƙara ƙiba, da mayukan sauya launin fata masu ɗauke da irin wannan sinadari, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa da magungunan mura, duk suna ɗaga jini. A kuma tambayi kanwa, domin akasarin abin da ke cikinta sodiyam ne, wato sinadarin da ke sa gishiri ya hawar da jini. Binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya alaƙanta yawan gazawar zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa da zafin al'adun jego.

Ɓarnar da yake yi

Zuciyar da ke turi da matsi mai yawa kullum sai naman ɗakinta na ƙasa na hagu ya yi kauri, daga baya ya gaji. Majinyaci sai ya zo da haki, kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, hawan jini ne kan gaba a sababin gazawar zuciya.

A ƙwaƙwalwa, jijiya kan toshe ko ta fashe, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ya yi wa duk sauran dalilan shanyewar jiki fintinkau. A ƙoda, ƙananan matatun jini kan lalace, furotin ya fara zuba a fitsari, kuma ƙodar da ta lalace tana ƙara hawar da jinin, sai kowanne ya riƙa rura wutar ɗan'uwansa. A ido, jijiyoyin bayansa kan tsuke ko su zubar da jini, kuma nan ne kaɗai likita ke iya ganin jijiyoyin kai tsaye da fitilar duba ido.

Saboda haka duk wanda aka tabbatar yana da cutar a yi masa gwajin fitsari, da na kiriyatinin da fotasiyam a jini, da na suga da kitsen jini, da awon lantarkin zuciya, a kuma auna nauyi, tsawo da faɗin ƙugu.

Magani

Gyaran rayuwa ya hau kan kowa, ko yana shan ƙwaya ko ba ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci ya kai giram biyar a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi, yajin tsire, kilishi, burodi da taliyar leda. Sai motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, rage ƙiba, barin taba da giya, da yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa, sai dai mai ciwon ƙoda ya nemi shawara saboda fotasiyam. Zoɓo mara suga an ga yana ɗan rage matsi a wasu gwaje-gwaje, amma ba ya maye gurbin magani.

Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2021 ta ce a fara magani daga 140/90, ko daga 130 a lambar sama ga wanda ya riga ya kamu da ciwon zuciya ko na jijiyoyi. Burin shi ne a sauko ƙasa da 140/90, ko ƙasa da 130 ga masu ciwon zuciyar. Rukunan farko su ne masu fitar da gishiri ta fitsari kamar hydrochlorothiazide, masu sassauta jijiya ta hanyar tare kalsiyam kamar amlodipine, da masu tare sarƙar renin kamar lisinopril da losartan.

Zaɓi tsakaninsu na da hujja daga nahiyar nan. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida aka wallafa a 2019, ya kwatanta haɗi uku a majinyata 728. Haɗi biyun da ke ɗauke da amlodipine sun fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide sauko da jini bayan wata shida. Yawancin majinyata sai da magani biyu suke daidaita, kuma ƙwaya ɗaya mai haɗe da biyun ta fi sauƙin ɗorewa.

Kowane rukuni da illarsa. Amlodipine kan kumbura idon sawu. Lisinopril da danginsa kan kawo busasshen tari, wani lokaci da kumburin leɓe, harshe da maƙogwaro mai iya toshe numfashi, kuma wannan ya fi yawa a baƙar fata. Masu fitar da gishiri kan rage fotasiyam da sodiyam, su tayar da ciwon gaɓɓai na gawut. Ba a haɗa dangin lisinopril da dangin losartan, kuma duka biyun ba a ba mai ciki, domin suna cutar da ƙodar ɗan tayi. Magunguna irin su atenolol da bisoprolol an fi ajiye su ga masu wasu cututtukan zuciya, kuma ana kaffa-kaffa da su ga mai asma.

Mai juna biyu

Idan jini ya kai 140/90 bayan mako na 20 na ciki, tare da furotin a fitsari ko alamar taɓuwar wata gaɓa, an shiga yanayin da ake kira firi-iklamsiya, wanda ke kai wa ga jijjiga. Matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki, ko awo na 160/110, alamu ne na haɗari. Ana sauko da jinin da methyldopa, labetalol, nifedipine ko hydralazine, ana kuma hana jijjiga ko tsayar da ita da magnesium sulphate. Ungozomar da ke ba da shi ta riƙa duba zaburar gwiwa, yawan numfashi da yawan fitsari kafin kowace allura, ta kuma ajiye calcium gluconate a kusa, domin shi ne makarinsa. Haihuwa ce ke kawo ƙarshen matsalar, amma jijjiga na iya zuwa bayanta, don haka awo ba ya tsayawa a ranar da aka sauka.

Halin gaggawa

Awon 180/120 tare da alamar gaɓa na lalacewa a take, kamar ruɗewa, farfaɗiya, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko raunin ɓarin jiki, yana buƙatar kwanciya da magani ta jijiya. Ƙa'idar ita ce kada a rage matsin fiye da kashi 25 cikin ɗari a sa'ar farko, domin ƙwaƙwalwar da ta saba da matsi mai yawa za ta rasa jini idan aka sauke shi kwatsam. Shi ya sa aka daina sanya nifedipine mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe. Tsagewar ayota da shanyewar jiki suna da nasu ƙa'idoji daban. Wanda lambarsa ta kai haka amma ba shi da wata alama, a zaunar da shi, a sake awo, a gyara maganin bakinsa, a sake ganinsa cikin 'yan kwanaki.

Bayan an rubuta magani

Mafi yawan waɗanda jininsu ya ƙi sauka, ba maganin ne ya gaza ba, shansa aka daina. Wani ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, wani kuɗi ya ƙare masa, wani tari ko raunin mazakuta ya dame shi ya ji nauyin faɗa. Tambayar “Baba, ka sha magani?” amsarta kusan kullum “e” ce. Tambayar “Baba, a makon nan kwana nawa maganin ya wuce ka?” ta fi fito da gaskiya, domin ba ta ɗauke da zargi. A gaya wa majinyaci ƙarara cewa ana daidaita cutar ne ba a warkar da ita, kuma rashin ciwon kai ba shaidar saukar jini ba ne. Idan azumi ya gabato, a tsara masa lokacin shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur tun kafin watan ya kama.

Ƙa'idar 2021 ta amince ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da suka samu horo su riƙa ba da maganin hawan jini bisa tsari da kulawar likita, ta kuma ce a riƙa ganin majinyaci duk wata har jininsa ya daidaita, sannan duk wata uku zuwa shida. A ƙaramin asibitin karkara da babu likita kullum, wannan nauyi kan ma'aikacin jinya yake. Ya auna duk babban da ya shigo, ko da ciwon haƙori ne ya kawo shi, ya rubuta masa lambar da kwanan wata a katinsa, ya faɗa masa ma'anarta da harshen da yake ji, kuma kada ya bar shi ya fita bai san ranar da zai dawo ba.